Farfaɗiyar da ta ƙi tsayawa: iyakar abin da likita zai iya hasashe

Yawancin jijjigar farfaɗiya ba ta wuce minti 2. Mutum ya yanke jiki ya faɗi, jikinsa ya sandare, ya yi ta karkarwa, can sai ta sake shi, ya yi barci ya farka a galabaice. Ƙwaƙwalwa tana da hanyoyinta na kwantar da wannan tashin da kanta. Wani lokaci kuwa hanyoyin kan gaza, jijjigar ta zarce, ko ta riƙa tafiya tana dawowa ba tare da mutum ya komo hayyacinsa a tsakani ba. A shekarar 2015 Ƙungiyar Yaƙi da Farfaɗiya ta Duniya ta sa wa wannan hali iyakoki biyu. Jijjigar da ta kama jiki duka, idan ta kai minti 5, da wuya ta tsaya don kanta, sai an sa mata magani. Idan ta haura minti 30, an shiga lokacin da ake fargabar ta bar wa ƙwaƙwalwa lahani.

Maganin hawa-hawa ne. Da farko allurar diyazefam, lorazefam ko midazolam. In ta ƙi, sai a ɗaura ɗaya daga cikin magungunan farfaɗiya ta jijiya. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2019, ya kwatanta uku daga cikinsu, lebetirasetam, fosfenitoyin da balfuroyet, sai aka tarar babu wanda ya fi wani: kowanne ya yi aiki ga kashi 45 zuwa 47 cikin 100 na majinyata. Wanda ya wuce waɗannan matakai biyu jijjigar ba ta tsaya ba, shi ake cewa ciwonsa ya bijire wa magani. Daga nan sai sashen kulawa ta musamman. A sa masa bututun numfashi, a haɗa shi da na'ura, a zuba masa maganin sa barci mai nauyi irin na masu tiyata, furofofol ko midazolam ko tiyofental, don a danne lantarkin ƙwaƙwalwar. Idan an yi awa 24 a haka farfaɗiyar tana nan, ko ta dawo da zarar an fara rage maganin, to an kai matakin ƙarshe, wanda Simon Shorvon na Landan da abokiyar aikinsa Monica Ferlisi suka fayyace a 2011. A wannan mataki mutum na iya kwashe makonni, wani har watanni, rai kwakwai mutu kwakwai.

A nan ne dangi ke yin tambayar da ta fi kowace wuya: "Likita, zai tashi kuwa? In ya tashi, zai dawo yadda yake?" Ba don neman kwanciyar hankali kaɗai ake tambayar ba. A kan amsarta ake yanke shawarar a ci gaba ko a dakata, a ƙara wani magani mai haɗari ko a bari. Abin da binciken da aka tara yake nunawa, a fahimtata, shi ne likitanci ya fi iya cewa "wannan zai rayu" a kan cewa "wannan ba zai rayu ba". Yawan kwanakin da mutum ya yi a kwance kuma, wanda shi ya fi karya zuciyar masu jinya har da ma'aikata, yana cikin mafi raunin hujjojin da ake kafawa.

A sa'o'in farko babu abin da ya kai lokaci muhimmanci, kuma an san dalili. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna da wasu makarɓai a jikinsu da sinadarin GABA ke sauka a kai ya kwantar da su, ta nan kuma diyazefam da danginsa suke aiki. Idan jijjiga ta daɗe, ƙwayoyin kan janye waɗannan makarɓai zuwa cikinsu, su fito da ƙarin makarɓan NMDA, waɗanda aikinsu zugawa ne. Shi ya sa allurar da za ta tsayar da jijjiga a minti 5 take iya gazawa bayan awa guda, shi ya sa kuma daga baya ake komawa ga ketamin, mai toshe NMDA. Tun a 1973 Brian Meldrum na Ingila da abokan aikinsa suka nuna, a gwajin da suka yi kan birai, cewa ko an sanyaya tsokar jiki jijjigar ta daina bayyana, ana kuma ba su iska, muddin lantarkin ƙwaƙwalwa bai kwanta ba ƙwayoyinta na lalacewa, musamman a sashen da ke adana abin da mutum ke tunawa. Wani nazari da aka yi a birnin Richmond na Amurka a 1994 ya gano cewa waɗanda jijjigarsu ta haura awa 1, kashi 32 cikin 100 ne suka rasu, alhali waɗanda tasu ta tsaya kafin awa guda ba su kai kashi 3 ba.

Wanda ya ji wannan sai ya ɗauka lissafin haka yake tafiya har ƙarshe, wato kwana 10 sun fi kwana 2 muni ninki biyar. Ba haka ba ne. Frank Drislane da abokansa a Boston sun duba wannan a 2009, suka tarar cewa bayan kamar awa 10 na farko, idan aka sa musabbabin ciwon da zurfin sumar a lissafi, tsawon lokacin ya daina nuna wanda zai rayu. Wani nazari na 2013 ya bi majinyata 63 da suka haura mako guda a ƙarƙashin maganin sa barci. Kusan biyu cikin uku sun fita asibiti da ransu, kusan ɗaya cikin biyar kuma suka sami sauƙi mai ma'ana. Ferlisi da Shorvon su ma sun tattara rahotannin da aka wallafa a 2012, inda aka san ƙarshen labarin mutum 596: kashi 35 sun rasu, kashi 13 sun fita da naƙasa mai tsanani, kashi 13 da mai sauƙi, kashi 35 kuma sun koma yadda suke kafin ciwon. Akwai abin kiyayewa a waɗannan alƙaluma, domin likitoci sun fi son wallafa labarin wanda ya warke, saboda haka ƙila sun fi gaskiyar lamarin daɗi. Duk da haka sun isa su rushe zaton cewa wanda ya kwashe makonni a sume ya gama yawo.

To me ke nunawa, in ba lokaci ba? Musabbabi. Farfaɗiyar da ta ƙi tsayawa alama ce ta wani abu da ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma wannan abin shi ne yake yanke mafi yawan hukuncin. Mai tsohuwar farfaɗiya da maganinsa ya ƙare ko ya daina sha, da wanda jijjigarsa ta taso daga barin giya kwatsam, su ne suka fi tsira, don ƙwaƙwalwarsu ba ta sami sabon rauni ba. Wanda jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, ko ya sami shanyewar ɓarin jiki mai girma, ko sanƙarau, ko ƙari mai yaɗuwa, halinsa daban ne, ko da an tsayar da jijjigar a ranar farko. Mafi muni a ciki shi ne wanda zuciyarsa ta tsaya, ƙwaƙwalwa ta rasa iska na wasu mintuna kafin a farfaɗo da shi. Bayan musabbabi sai shekaru, da lafiyar da mutum yake da ita kafin ya kwanta, da kuma irin jijjigar. Babban gwajin da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka a 1998 ya nuna wannan na ƙarshen ƙarara: cikin masu jijjiga a bayyane kashi 27 suka rasu cikin kwana 30, amma cikin waɗanda suke doguwar suma, jiki ba ya motsi sai ɗan fizgar ido ko yatsa, kusan kashi 65 ne.

Daga waɗannan abubuwa aka gina ma'aunan hasashe. Wanda ya fi shahara shi ne STESS, na Andrea Rossetti na Lozan a Suwizalan da abokansa. Abu huɗu yake dubawa, duk kuma ana iya saninsu a bakin gado: ko mutum ya kai shekara 65, maki 2, ko yana cikin suma, maki 1, irin jijjigar, daga 0 zuwa 2, ko bai taɓa yin farfaɗiya ba, maki 1. Jimilla 6, daga 3 zuwa sama ana ganin akwai haɗari. Wannan na ƙarshen yakan ba mutane mamaki, wai rashin tarihin farfaɗiya ne abin tsoro. Dalilin shi ne wanda bai taɓa yi ba, ya fi yiwuwa wani sabon mugun abu ne ya same shi. Da aka gwada ma'aunin a 2008, waɗanda ya ce za su rayu kusan kashi 97 sun rayu. Amma waɗanda ya ce suna cikin haɗarin mutuwa, fiye da rabinsu su ma sun rayu. Masu ma'aunin da kansu sun yi gargaɗin kada a kafa hujja da shi a janye wa mutum magani.

A 2015 masu bincike a Salzbag ta Ostiriya suka fito da wani ma'auni mai suna EMSE, wanda ya sa musabbabi a ciki kai tsaye, tare da shekaru, sauran cututtukan da mutum ke ɗauke da su, da abin da awon lantarkin ƙwaƙwalwa ya nuna. A 2016 kuma aka sami END-IT daga ƙasar Sin, wanda ke duba kumburin ƙwaƙwalwa, farfaɗiyar da ba ta bayyana a jiki, ƙin jin diyazefam, abin da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna, da sa bututun numfashi, yana hasashen yadda mutum zai kasance bayan wata 3. Kowanne daga cikinsu ya yi kama da majinyatan da aka gina shi a kansu. Na Turai ya ba shekaru nauyi saboda tsofaffi masu shanyewar ɓarin jiki sun yi yawa a can, na Sin kuwa ya ba kumburin ƙwaƙwalwa nauyi saboda matasa masu wannan ciwo ne suka fi yawa a asibitin. Majinyatan ma ba su da yawa: EMSE a kan mutum 92 aka fara gina shi, END-IT a kan 132. Kuma an tsara su ne don sa'o'i ko kwanakin farko na ciwon. Mutumin da ya kai kwana 20 a na'ura ya riga ya wuce tambayar da aka gina su don amsawa.

Akwai wata matsala da ta fi ƙarancin majinyata zurfi, kuma ita ce ta fi damuna. A manyan asibitocin Turai da Amurka, inda yawancin alƙaluman suka fito, da yawa daga cikin waɗanda ke rasuwa a wannan hali ba jijjigar ce take kashe su kai tsaye ba. Suna rasuwa ne bayan likitoci da dangi sun yanke shawarar janye na'ura. Shawarar kuwa a kan me ake gina ta? A kan tsufa, zurfin suma, munin awo. Daga baya mai bincike ya zo ya duba takardu, ya tarar tsofaffi masu zurfin suma sun fi mutuwa, ya sa hakan a ma'auni, likita na gaba ya duba ma'aunin ya ƙara samun ƙarfin gwiwar janyewa. Hasashen ya tabbatar da kansa. Ba ana cewa tsufa da suma ba su da tasiri na gaskiya ba ne. Ana cewa babu mai iya raba nawa ne tasirin ciwon, nawa ne kuma tasirin shawarar, sai in an ci gaba da jinyar kowa har ƙarshe.

Irin wannan ruɗani ya taso a kan maganin sa barcin kansa. A 2014 Raoul Sutter da abokansa a Basel ta Suwizalan suka ba da rahoton cewa waɗanda aka sa wa maganin sun ninka sauran kusan sau uku a haɗarin mutuwa, kuma sun fi kamuwa da cututtuka a asibiti. Wasu suka fara tambayar ko maganin ne ke kisa. Sai dai wanda ciwonsa ya fi tsanani ai shi ake sa wa maganin tun farko. Kamar a zargi motar kashe gobara ne da ƙone gidaje, tunda duk inda aka gan ta akwai gidan da ya ƙone. Wani nazari na 2016 da ya kwatanta asibitocin Boston da na Lozan, inda yawan amfani da maganin ya bambanta sosai, bai ga ƙarin mutuwa ba, sai ƙarin kwanakin asibiti. Haɗarin dai na gaske ne: jini kan sauka, hanji kan daina motsi, ciwon huhu kan shiga ta bututun, furofofol in ya yi yawa ya daɗe yana iya taɓa zuciya da ƙoda. A jinya mai tsawo waɗannan su ne sau da yawa suke yanke hukunci, kuma babu ma'aunin ranar farko da zai hango su.

Gwaje-gwajen ma ba sa magana da baki ɗaya. Awon lantarkin ƙwaƙwalwa, EEG, dole ne, don ba tare da shi ba ba a ma sanin ko farfaɗiyar ta tsaya. Wani nazarin da aka yi a Richmond a 1998 ya gano cewa bayan jijjiga ta lafa a ido, kusan rabin majinyata ƙwaƙwalwarsu na ci gaba da tashi jifa-jifa, kashi 14 kuma farfaɗiyar tana nan daram ba a gani. Idan awon ya nuna ƙwaƙwalwa na amsawa in an kira mutum ko an mintsine shi, ko ya nuna alamun barci irin na mai lafiya, alama ce mai kyau. Amma idan ya yi shiru a lokacin da jiki ke cike da maganin sa barci, shirun ba ya nufin komai, don likita ne ya kawo shi da gangan. Tiyofental kan taru a kitsen jiki, ya ɗauki kwanaki kafin ya fita, a tsawon lokacin mutum ba ya motsi, har ƙwayar idonsa na iya ƙin amsa haske. Hoton MRI shi ma yakan nuna wurare masu haske a ɓawon ƙwaƙwalwa da sashen adana tunani waɗanda jijjigar ce ta jawo su, kuma da yawansu kan ɓace bayan ta tsaya. Abin da ya fi nauyi a hoto shi ne a ga mutuwar ɓawon ƙwaƙwalwa mai faɗi a ɓangarori biyu, ko a yi hoto bayan hoto a ga tana ƙanƙancewa. Ana kuma auna wasu sinadarai a jini da ke fita daga ƙwayoyin da suka lalace, amma har yanzu ba su kai a yanke hukunci da su kaɗai a wannan ciwo ba.

Rukunin da ya fi jarraba haƙuri shi ne wanda aka ba suna NORSE, aka kuma daidaita ma'anarsa a 2018: mutum mai lafiya, ba tarihin farfaɗiya, kwatsam ya faɗa cikin jijjigar da ta ƙi magani, ba a ga dalili a gwaje-gwajen farko ba. Idan zazzaɓi ya riga ta, kamar yadda aka fi gani a yara, ana kiranta FIRES. Nicolas Gaspard da abokansa sun duba mutum 130 a 2015, a kusan rabinsu ba a taɓa gano musabbabin ba, a sauran kuma abin da ya fi yawa shi ne garkuwar jiki ce ta juya wa ƙwaƙwalwa. Kashi 22 sun rasu. Da yawa sun bar asibiti a mummunan hali, amma da aka ci gaba da bibiyarsu da yawa sun inganta. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne kumburin ƙwaƙwalwar da garkuwar jiki ke yi ta hanyar kai wa makarɓan NMDA hari, wanda Josep Dalmau ya bayyana a 2007, mafi yawa a 'yan mata, wani lokaci saboda wani ƙari a ƙwan mahaifa. Mai wannan ciwo na iya yin watanni a na'ura, amma a nazarin 2013 da ya ƙunshi majinyata 577, kusan kashi 81 na waɗanda aka bibiya sun sami sauƙi sosai bayan shekara 2. Kafin 2007 irin waɗannan majinyata ba su da sunan ciwo, kuma duk wani ma'auni zai sa su cikin waɗanda aka fid da rai. Saboda haka ne shawarar ƙwararru ta 2022 ta ce a fara maganin danne garkuwar jiki cikin awa 72, a kuma ƙara mataki na biyu, har da abincin mai yawan kitse da ƙarancin sitaci, cikin mako guda, ba sai an jira sakamakon gwaji ba.

Masu tsayawar zuciya su ne a ɗaya ƙarshen. Gwajin TELSTAR da aka yi a Holan da Beljiyam, aka wallafa a 2022, ya raba mutum 172 gida biyu, aka danne lantarkin ƙwaƙwalwar wasu da magani, aka bar wasu. Kashi 90 da kashi 92 ne suka ƙare a mummunan hali. A nan ma ƙa'idar Turai ta 2021 ta ce kada a yanke hukunci kafin awa 72, kuma sai alamu aƙalla biyu masu zaman kansu sun haɗu.

Sai kuma a tambaya, wane sakamako ake hasashe? Yawancin nazarce-nazarcen sun tsaya ne a kan ko mutum ya fita asibiti da rai. Waɗanda suka ɗan matsa gaba suna amfani da ma'aunin Rankin, daga 0 zuwa 6, wanda aka ƙirƙira don masu shanyewar ɓarin jiki, ya kuma fi kula da ko mutum na iya tafiya da yi wa kansa hidima. Ɗalibar da ta tashi tana tafiya da ƙafarta amma ba ta iya riƙe abin da ta karanta jiya ba, kuma ciwon ya bar mata farfaɗiyar da ba ta jin magani, a takarda za a rubuta ta cikin waɗanda suka yi nasara. Wanda aka auna a ranar sallama, bayan makonni a kwance tsokarsa ta narke, za a rubuta shi cikin naƙasassu, alhali bayan shekara guda ya koma aikinsa. Dangi kuwa ba waɗannan suke tambaya ba. So suke su ji ko zai gane su, ko zai yi magana, ko zai koma makaranta.

Yara sun fi manya tsira ƙwarai. Nazarin da aka yi a arewacin Landan a 2006 ya sami mutuwar kusan kashi 3 cikin 100. A Kilifi ta Kenya kuwa, a nazarin 2008, inda zazzaɓin cizon sauro ne babban musabbabi, kusan kashi 15 na yaran sun rasu a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Ma'aunan da ake da su an gina su ne a inda motar asibiti ke isowa da wuri, ana kuma iya barin na'urar EEG a kan mutum dare da rana. Inda majinyaci ke isa asibiti bayan sa'o'i yana jijjiga, ko inda babu na'urar numfashi, makinsu ba lallai ya ba da ma'ana iri ɗaya ba.

Abin da ƙwararrun da suka daɗe a wannan fanni suke yi bai da wuyar bayani, aiwatarwar ce da wuya. Suna ci gaba da neman musabbabi, ko da za a maimaita hoto da gwajin ruwan laka. Ba sa auna ƙwaƙwalwa sai maganin sa barci ya fita daga jiki. Suna zama da dangi a sa wa'adi, a ce nan da kwana kaza za mu sake duba abu kaza da kaza, maimakon a yi alƙawari ko a fid da rai. Abin da suke ɗauka hujjar dakatawa shi ne shaidar lalacewar da ba ta gyaruwa, ko ciwon asali da ba shi da magani, ko gazawar sauran sassan jiki, ko kuma abin da majinyacin da kansa ya taɓa faɗa yana so a yi masa. Ga matashin da hotonsa bai nuna ɓarna mai faɗi ba, Shorvon da Ferlisi sun ba da shawarar a ci gaba da jinya ko da makonni sun shuɗe, ana sassauta maganin lokaci zuwa lokaci a ga ko farfaɗiyar ta kwanta.